ZARE: Bidiyon haɗa harsashi a gida da yatsun ɗan kawuna

1/ Zaren nan dogo ne, ku yi haƙuri ku bi ni har ƙarshe. Kwana uku ke nan wani bidiyo yana yawo a guruf ɗinmu na 'yan Faskari: wani Ba'amurke a garejin gidansa yana sake cika kwanson harsashin fistol, hankalinsa kwance, har da kofin shayi a gefe. A ƙasa an rubuta, "Mu me muke jira?"

2/ Na karanta abin da mutane suka rubuta. Wani ya ce a haɗa kuɗi a sayo injin. Wani ya ce maƙeran garinsu za su iya ƙera irinsa cikin sati ɗaya. Wani kuma ya ce duk wanda ya hana to infoma ne. To ni ba infoma ba ne, amma ina cikin masu cewa a'a, kuma ga dalilina.

3/ Kafin wani ya ce ɗan jami'a ne, yana zaune a hostal yana surutu: ƙauyenmu yana tsakanin Faskari da Sabuwa. Na kwana a gona saboda gudun hari. Na tara kuɗin fansa gida-gida da takarda a hannu. Fushin da kuke ji ni ma shi nake ji. Ba wanda zai koya mini zafin abin nan.

4/ Bari in fara da ɗan kawuna. Ya girme ni da shekara huɗu, Yaya nake ce masa. Yana cikin matasan da ke sintirin dare a garinmu. Bindigarsa ta toka ce, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, gadon mahaifinsa wanda maharbi ne.

5/ Wata damina albarushinsa ya ƙare. Wani abokinsa ya kawo masa gari a ƙulle cikin leda, ya ce daga harsashin zamani aka zazzago shi, wai ya fi ƙarfi. Yaya ya ɗura, ya zaga bayan gari don ya gwada kafin dare ya yi. Harbi ɗaya ya yi.

6/ Bindigar ta tsage a hannunsa. Yatsu uku na hagu suka tafi, ƙarfe ya shiga gefen idonsa. Magariba ta yi, ba mai iya hawa hanya a wannan lokacin. Haka aka ɗaure hannun da zani ya kwana yana nishi. Sai da gari ya waye aka ɗora shi a mashin zuwa asibiti a Funtua.

7/ Abin da ya fi ci mini rai: daren nan ɓarayi ba su zo ba. Ba wanda ya harbe shi. Yau ba ya iya riƙe fartanya yadda ya kamata, matarsa da Inna ne ke ƙarasa masa aikin gona. Ranar da na nuna masa bidiyon nan, kallon hannunsa kawai ya yi, ya ce, "Ƙanena, ka ce musu su zo su gan ni tukuna."

8/ Yanzu mu koma kan bidiyon. Abu na farko da ba ku lura ba: mutumin nan ba ƙera harsashi yake ba, haɗawa yake. Kwanson daga masana'anta ya fito. Ɗan ƙarfen da ke tayar da wuta a gindin harsashin daga masana'anta. Garin daga masana'anta. Kan harsashin ma yawanci sayo shi ake yi. Shi dai jerawa yake.

9/ Wato ko yau aka sauke maka injin nan a ƙofar gida a Ƙanƙara, ƙarfe ne kawai. Sauran kayan fa, a wane shago za ka saya? Babu. Sai dai ta hanyar 'yan fasa-ƙwauri, su ɗin dai da ke kai wa mutanen daji. Ka zama kwastomansu ke nan, kuɗinka ya ƙara wa kasuwarsu ƙarfi.

10/ Abu na biyu: kwanciyar hankalin da kuke gani a fuskarsa ba jarumta ba ce. Tsari ne ya tsaya masa. A Amurka akwai ƙungiyar masu ƙera bindigogi da harsasai, SAAMI, tun 1926 take fitar da ƙa'idar iyakar ƙarfin da kowane irin harsashi zai iya kaiwa. Kamfanonin gari suna gwaji a ɗakin bincike kafin su buga littafin awo.

11/ A Ingila kuwa, tun 1813 aka kafa gidan gwajin bindiga a Birmingham. Aikinsu shi ne su gwada bututun bindiga da ƙarfin da ya wuce na yau da kullum, in ya jure a buga masa hatimi, sannan a sayar. Shekara sama da 200 suna wannan. Bindigar da aka yi da bututun ruwa a bayan kasuwa, wa ya gwada ta? Hannunka ne zai gwada.

12/ Awon da suke yi ma ya fi na mai sayar da zinare tsanani. Garin da ke cikin harsashin fistol bai kai giram ɗaya ba, kuma bambanci ɗan ƙanƙani shi ke raba harbi da fashewa. Duk da sikeli da littafi da gilashin kare ido, su ma bindiga tana fashe musu. Ku bincika hotunan, suna nan birjik a intanet.

13/ Har kamfanonin da ke ƙera fistol ɗin ba su yarda da abin ba. Glock, wadda kowa ya san sunanta daga fim, ta rubuta a littafin da ke zuwa da bindigar cewa kada a yi amfani da harsashin da aka sake cikawa. Mai abu ya ce kar a yi, kai da ka gani a TikTok ka ce ka iya?

14/ Kuma fistol mai sarrafa kanta ta fi kowace bindiga tsirfa. Ƙarfin harsashin ne ke tura ƙarfen sama baya, ya fitar da kwanso, ya ɗauko na gaba. In ƙarfin ya gaza ta cije. In ya yi yawa ta fashe. In kan harsashi ya maƙale a bututu ba ka sani ba ka sake harbi, shi ke nan.

15/ Ka yi tunanin wannan cijewar da ƙarfe biyun dare, mashina suna shigowa gari. Ba'amurken nan in tasa ta cije a filin atisaye, tsaki zai yi ya koma gida ya ci abinci. Kai in taka ta cije, jana'iza ce.

16/ Abu na uku, dalma. Masu narka dalma a gida don yin kan harsashi, kun manta Zamfara a 2010? Gubar dalma daga aikin zinare ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana daka duwatsun a tsakar gida. Ƙurar ba ta da wari, ba a ganinta. Yaron da ke rarrafe ne ke fara kwasa.

17/ Abu na huɗu, doka. Na san za ku ce wace doka, ana kashe mu? Ku dai saurara, don ku za ta kama, ba na daji ba. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka, kwamishinan 'yan sanda. Bindigar farauta, Sufeto Janar. Fistol da libarba kuwa suna cikin haramtattu, lasisinsu sai shugaban ƙasa.

18/ E, ka karanta daidai. A dokar Najeriya fistol tana layi ɗaya da bindigar soja. Ƙera harsashi ko haɗa shi ba tare da izini ba shi ma laifi ne mai zaman kansa. Hukuncin mallakar haramtacciyar bindiga yana kai mutum ɗaurin shekara 10. A watan Agustan 2023 ma Sufeto Janar Egbetokun ya ce an dakatar da ba da lasisin ƙananan bindigogi.

19/ To ka ga, ranar da aka same ka da inji da kwanso a ɗaki, ba wanda zai tambaye ka ko kare garinku kake. Za a zaunar da kai a ƙasa gaban kyamara, a jera kayan a gabanka, a ce an kama mai yi wa 'yan bindiga safarar harsasai. Waɗanda suka zuga ka a guruf su ne za su fara yaɗa hoton.

20/ Na san daga ina wannan tunanin ya samo ƙarfi. A watan Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari da bakinsa ya ce mutane su nemi makami su kare kansu. A Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta ce a zo a karɓi fom na neman lasisi. Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan ikon.

21/ Ka duba yadda aka bar talaka a tsakiya. Gwamna ya ce sayi, Abuja ta ce in ka saya mu kama ka. Wanda ya faɗi maganar yana yawo da ayarin jami'an tsaro. Wanda ya ji maganar ya sayar da akuya ya sayi harba-ka-ruga, shi ne ko dai a kabari, ko a kurkuku, ko kamar Yaya.

22/ Mu ma ɗauka komai ya tafi daidai. Ka samu injin, ka samu kayan, ba ta fashe ba, ba a kama ka ba. Fistol amfaninta bai wuce mita 50 ba a hannun gwani. AK-47 tana cin mutum daga mita 300. Su kuma suna zuwa a mashina gommai, biyu-biyu, uku-uku. Wannan ba faɗa ba ne, ganin kitse ake wa rogo.

23/ Ita kanta Amurkar da muke sha'awa, a 2021 mutum sama da 48,000 bindiga ta kashe a can, fiye da rabinsu kansu suka harbe. Bindigar da ke cikin ɗaki ba ɓarawo kaɗai take jira ba. Tana jiran ranar faɗan gado, ranar rikicin budurwa, ranar da ƙaramin yaro zai ɗaga katifa.

24/ Yanzu ga ainihin abin da ya sa na yi zaren nan. Muna ta tambayar yadda za mu samu harsashi. Tambayar da ta kamata ita ce: su a ina suke samu? Don bindiga ba harsashi sanda ce. Bindiga ɗaya za ta yi shekara 30 tana aiki, harsashi kuwa harbi ɗaya ya ƙare, sai an kawo wani.

25/ Ku tuna daren Juma'a 11 ga Disamba 2020, makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. An kwashe yara aka kora su daji da ƙafa, ranar 17 ga wata aka sako 344. Wanda ya jagoranci abin, Auwalun Daudawa, ya fito a Fabrairun 2021 ya miƙa bindigogi a Zamfara ya ce ya tuba.

26/ Ba a yi wata uku ba ya koma daji, a ƙarshen Afrilu aka kashe shi a faɗa da wata daba. Tambayata: da me ya koma yaƙi, bayan ya miƙa makamai? Ashe miƙa bindiga ba komai ba ne matuƙar hanyar kawo wata a buɗe take. An bar jaki ana dukan taiki.

27/ Ku tuna 2021. An rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme. An hana sayar da fetur a jarka. An rufe kasuwannin dabbobi. A watan Satumba aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13, har da Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara. Muna hawa tudu muna neman sabis don mu gaida iyayenmu.

28/ Fetur ya yi wuya, waya ta mutu, kasuwa ta tsaya, talaka ya sha wahala. Amma ko sau ɗaya kun ji an ce harsashi ya yanke wa mutanen daji? Ni dai ban ji ba. An iya toshe komai ban da abu ɗayan da ke kashe mu.

29/ Kuma ku kalli bidiyoyin zaman sulhun da aka yi a 2025, a Faskari da wasu ƙananan hukumomi. Ku bar kallon fuskoki, ku kalli ƙirji da kafaɗa. Jigidar harsasai ce a rataye, sababbi fil suna ƙyalli. Wannan ba aikin maƙerin ƙauye ba ne. Kayan masana'anta ne, wani ya sayar, wani ya ɗauko, wani ya kau da kai a shingen bincike.

30/ Daga ina? Ba sai mun yi hasashe ba. Wata ƙungiya mai bin sawun makamai, Conflict Armament Research, ta duba makaman da aka ƙwace a Katsina, Zamfara da Kaduna, ta fitar da rahoto a Janairun 2020. Ta gano wasu daga rumbunan Libiya, wasu daga na Kwaddibuwa, wasu daga Turkiyya ta teku, wasu kuma daga ma'ajiyar jami'an tsaronmu.

31/ Na ƙarshen nan shi ne mai ciwo. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce zuwa Disambar 2018, bindigogi da makamai 178,459 na 'yan sanda ba a san inda suke ba, 88,078 daga ciki AK-47 ne. Ba ɗan adawa ne ya faɗa ba, ofishin gwamnati ne. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

32/ Ta teku kuma: a Janairun 2017 kwastam sun kama bindigogi 661 a Legas. A tsakiyar 2024, a tashar jiragen ruwa ta Onne a jihar Ribas, kwantena ɗaya daga Turkiyya aka samu bindigogi 844 da harsasai 112,500 a ciki. Wannan wanda aka kama ke nan. Wanda ya wuce fa?

33/ Daga nan sai a rarraba a hannun talakawa irinmu. A ƙarshen 2021 'yan sandan Zamfara sun kama wata mata da harsasai 991 za ta kai daji. Sau nawa muka ga an yi holin irinsu, a buhun hatsi, a jarkar manja, a ƙarƙashin kujerar mota? Kullum ɗan aike ake nuna mana. Mai kayan ba ya taɓa fitowa a hoto.

34/ Ga wani abu da yawancinmu ba mu sani ba. Duk harsashin masana'anta yana da rubutu a gindin kwansonsa. Na soja yawanci lambar masana'anta ce da shekarar da aka yi shi. Wato kwanson da aka bari a ƙofar gidanku bayan hari shaida ce, tana iya faɗin ƙasar da ya fito da lokacin da aka ƙera shi.

35/ A Brazil an kai abin gaba. Dokarsu ta 2003 ta sa a riƙa buga lambar rukuni a harsashin da ake sayar wa jami'an tsaro. A Maris 2018 aka harbe wata kansila, Marielle Franco, a Rio de Janeiro. Kwanson da aka tsinta ya nuna rukunin da aka sayar wa 'yan sandan tarayya ne a 2006. Cikin kwanaki kowa ya sani.

36/ Ku yi tunanin haka a nan. A ce bayan harin Kadisau a Faskari a Yunin 2020 an tattara kwanson, an karanta lambar, an ce wannan rukunin an ba wa runduna kaza a wata kaza, wane ne ya sa hannu ya karɓa. Wallahi da mutane da yawa sun daina barci. Sayar da harsashi zai zama kasada, ba kasuwanci ba.

37/ Kuma ba sabon abu nake roƙo ba. Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja a 2006, ta tanadi a riƙa yi wa harsasai alama da lambar rukuni. Muna da kamfanin DICON a Kaduna tun 1964 yana ƙera harsasai. Muna da cibiyar kula da ƙananan makamai ta ƙasa tun 2021. Takarda ba ta yi mana ƙaranci ba.

38/ To a nan ne haɗa harsashi a gida yake cutar da mu ta hanyar da ba ku yi tunani ba. In kowa ya fara tsintar kwanso yana sake cikawa, shaidar ta lalace. Kwanson da aka harba a Sabuwa zai sake fita a Ɗandume, ba wanda zai iya cewa daga ina. Ɓarawon da ya saci na gwamnati ya sayar, kun wanke shi tas.

39/ Sannan sana'a ba ta da amana. Yau ka koya wa matasa goma don su kare gari. Gobe ɗaya talauci ya kama shi, ko a sace ƙanwarsa a ce ya biya da harsashi. Ko a ɗauke shi kansa a kai shi daji ya riƙa yi musu. Mai hannu da shuni a wannan kasuwar yana daji, ba a cikin gari ba.

40/ Mun riga mun ga yadda makami ba tsari yake ƙarewa. Da yawa cikin 'yan sa-kai sun ba da ransu don mu, Allah Ya jiƙansu. Amma mun san an kashe mutane a kasuwa saboda kama ko yare kawai, aka dawo aka rama a kan ƙauyen da bai san hawa ba bai san sauka ba. Hausawa da Fulani duk sun binne waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

41/ "To mu zauna a yanka mu?" A'a. Ban ce haka ba, kuma ba zan taɓa cewa ba. Wanda aka shigo masa gida yana da haƙƙin kare kansa, a addini da a doka. Ban zo in raina maharbanmu da 'yan sintiri ba. Abin da nake cewa shi ne kar mu ƙara wa kanmu makashi da hannunmu.

42/ In kana da zuciyar tsayawa, akwai ƙofa. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Radda ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha da matasa kusan 1,500 daga yankunan da abin ya shafa. Ba cewa nake ba ta da matsala. Amma akwai horo, akwai rajista, akwai shugaba, akwai wanda za a tambaya in an yi ba daidai ba.

43/ A matsa wa gwamnati ta ƙara yawansu, ta ba su kayan aiki na ƙwarai, ta biya su a kan lokaci, ta kula da iyalan waɗanda suka rasu. A kuma ƙirga kowane harsashi da aka ba su, a ƙirga abin da ya dawo. Wannan faɗan ya fi sayen inji wuya, amma shi ne mai fitar da mu.

44/ Ga masu bindigar toka a gida kuma, don Allah ku ji wannan daga bakin wanda ya wanke jinin ɗan'uwansa: kar ka taɓa zuba garin da ba ka san asalinsa ba. Garin harsashin zamani da albarushin gargajiya ba abu ɗaya ba ne, bindigar toka ba za ta iya ɗaukarsa ba. Ka nisanta ta da yara da murhu. Ka je a yi mata rajista.

45/ In an yi hari an tafi, kar a bar yara su kwashe kwanso su kai wa 'yan gwangwan. A ɗauki hoton gindinsa yadda rubutun zai fito, a rubuta rana da wuri, a sanar da mai unguwa ko dagaci, a miƙa wa hukuma. Wanda bai fashe ba kuwa kar a taɓa, kar a jefa a wuta, kar a buga da dutse.

46/ Mu kuma 'yan waya, ga aikinmu. Kowannenmu yana da ɗan majalisar jiha, ɗan majalisar tarayya da sanata. Maimakon turo bidiyon gareji, mu tura musu tambaya uku, kullum, har su gaji: Ina bindigogi 178,459? Wa aka hukunta? Yaushe za a fara buga lamba a harsashin jami'an tsaro?

47/ Duk ranar da aka yi holin wanda aka kama da harsasai, mu cika wurin sharhi da tambaya ɗaya: wa ya ba shi? A bi shari'ar, a faɗa mana ranar zama, a faɗa mana hukunci. 'Yan jaridarmu na rediyo su ma su riƙa tambaya. Zaɓe yana zuwa, za su zo neman ƙuri'a har ƙauyen da ba su taɓa zuwa jaje ba. A ajiye musu tambayar.

48/ Kakana yana cewa a zamaninsu in an ce 'yan bindiga, ana nufin masu buga bindigar toka a hawan sallah, yara suna bin su suna ihu don murna. Yau kalmar ce ke sa uwa ta ɗauki goyo ta yi daji cikin dare. Ba na so ƙannenmu su taso su ga kowane ɗaki ya zama maƙerar harsashi, su ɗauka haka rayuwa take.

49/ Wanda ya turo bidiyon nan abokina ne tun firamare, an kashe masa wa a gona. Ban ga laifinsa ba. Na kira shi jiya mun yi kusan awa ɗaya, bai yarda da ni duka ba, amma ya ce zai je ya gaida Yaya in ya koma gida. Wannan ma ya ishe ni a yanzu.

50/ In kana da hujjar da ta fi tawa, bismillah, ga wurin sharhi, ba zagi. In ka ga akwai amfani, ka tura wa guruf ɗin garinku, musamman inda bidiyon ya riga ya shiga. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya tona asirin masu kai musu harsashi ko su wane ne. Amin.